Tambayi Majo: Yaushe Zan Koma Nema Bayan Aikin Zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Majo. Ina gaisuwa tare da fatan alheri, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni ɗan kasuwa ne nan Maraɗi, shekarata 43, sana'ata hatsi. Ina bin kasuwannin ƙauye a kan babur, ina sayen gero da wake da aya ina tarawa a sito. Shekara biyu na yi ina fama da haki, ko daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na huta, ƙafafu suka kumbura. Da aka yi mini eko, wato hoton zuciya, aka ce bawul ɗaya na zuciyata, wanda suke kira mitiral, ya tsuke. Ƴan'uwa da abokan kasuwa suka haɗa kuɗi, Allah Ya saka musu, aka kai ni Tunis aka cire shi aka sa na ƙarfe. Yau sati 7 ke nan. Alhamdu lillahi hakin ya tafi, raunin ya bushe, ina cin abinci, ina shan Sintrom, maganin tsinka jini, kullum da dare. To ga kaka ta zo, Baba, kuma ka san wanda bai saya yanzu ba ya rasa shekara. Akwai bashin mutane a kaina, ina jin kunyar su wuce su gan ni zaune ƙofar gida ina shan shayi. Uwargida ta ce ko taɓa babur ban isa ba. Ni kuma ina jin ƙarfina ya dawo. Don Allah ka raba mu gardama.

*Mai hatsi, unguwar Bagalam*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, Allah Ya ƙara lafiya. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce mata a kan babur ita ke da gaskiya. A kan zaman ƙofar gida kuwa ina bayanka. Ba a kai ka Tunis don ka dawo ka zama mai gadin buta da gawayi ba, an yi maka aikin ne don ka koma nema. Sai dai komawar hawa-hawa ce, kuma ba da yadda kake jin jikinka ake auna ta ba.

Ƙarfin da ka ce ya dawo, ban musa ba. Shekara biyu jini yana matsuwa a ƙofar da ta tsuke, yana komawa baya yana cika huhu. Yanzu an buɗe masa hanya, dole ka ji sakayau. Amma kafin a kai ga zuciyar nan sai da aka raba ƙashin tsakiyar ƙirjinka gida biyu daga sama har ƙasa, da aka gama aka haɗa shi aka ɗaure da waya. Fatar da kake gani cikin sati 2 zuwa 3 take rufewa. Ƙashi kuwa sati 6 zuwa 8 yake ɗauka kafin ya kama, kuma sai ya kai wata 3 ake yarda masa da nauyi. Mai ciwon suga da mai shan taba nasu ya fi haka jinkiri. Ginin laka ne na jiya: daga waje ya bushe, amma jingina masa buhu ka ga abin da zai faru. Lokacin da nake aiki na wanke raunin wani bawan Allah da bai yi komai ba illa kama ƙahon ragon layya da ya nemi ƙwacewa. Wayar ta yanki ƙashin, ƙirjin ya riƙa motsi in ya yi tari, sai da aka mai da shi ɗakin tiyata.

Don haka daga yanzu har ka cika wata 3, iyakar abin da za ka ɗaga kilo 5 ne, sai fa in lokotoronka ya duba ya ƙara maka. A harshenku na ƴan hatsi, tiya biyu ta gero ke nan. Butar alwala ba komai. Jarkar ruwa mai lita 25, a'a. Guga a bakin rijiya, a'a. Buhu mai kilo 100 na san ba za ka ce za ka ɗauka ba, amma na san ku: ɗan dako yana kokawar ɗorawa a amalanke, sai hannunka ya kai ga kunnen buhun ba tare da ka yi shawara da kowa ba. Wannan kama kunnen shi nake tsoro, don fizga ce, kuma fizga ita ke ɓalle waya. Haka tura mota in ta maƙale a rairayi, haka jan ƙofar sito ta ƙarfe in ta cije. Ko wajen salla, in za ka tashi daga sujada kada ka dogara da hannaye ka tura dukan jikinka. In tashin yana yi maka wuya, addini ya yi rangwame, ka yi a zaune na ɗan lokaci.

Babur yana da laifi biyu. Na farko na ƙashi ne: buga kik, riƙon kan babur a hanyar ƙauye mai ramuka da yashi, duk girgizar a ƙirji take sauka. Wannan laifin zai wuce bayan wata 3. Na biyun ba ya wucewa, domin kai yanzu mutum ne mai tsinkakken jini, faɗuwar da wani zai tashi ya kakkaɓe riga, kai tana iya tara maka jini a cikin kai. In ka koma hawa, hular kwano ta zama dole, ko a kan kabu-kabu aka ɗauke ka. In ka faɗi kanka ya bugu, ka je asibiti ranar nan ko da kana jin garau, domin irin wannan zubar jinin a ɓoye take, sai bayan sa'o'i ko kwanaki ta nuna. In da hali ma, ni da ka mai da doguwar tafiya ta mota ka bar babur na cikin gari.

To me za ka yi da kakar bana? Kusan komai, ban da dako da hawa babur. Ka tambayi kanka, a sana'ar nan taka mene ne naka wanda yaronka ba zai iya ba? Idon da ke gane waken da ƙwari suka fara ci, bakin ciniki, sanin wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba. Ba ɗaya cikinsu da ke bukatar ƙashin ƙirji. Ka sa kujera mai jingina a bakin sito, a waje inda iska ke kaɗawa, ba a ciki inda ƙurar hatsi da warin maganin ƙwari suka taru ba. Ka fara da rabin yini, daga hantsi zuwa azahar, ka koma gida ka kwanta. Yaronka ya tafi ƙauye, ya ɗauko maka hoton kaya a waya, ka yi ciniki da dillali daga inda kake, kuɗi su bi ta Nita ko Amana. In ka ƙara sati biyu ko uku ka ga rabin yinin ba ya kayar da kai, kasuwa ta kusa irin ta Tibiri kana iya zuwa a mota, ka ɗaura bel, ka sa ɗan filo tsakaninsa da raunin. Mayahi da Dakwaro su jira ka tukuna.

Kada ka ce zama a kujera ya isa. Tafiya a ƙasa magani ce ga wanda aka yi wa wannan aiki. Kullum bayan asuba ko bayan la'asar ka taka, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai minti 30, da saurin da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke ba. Za ka ga wata rana ka tashi da ƙarfi, washegari jiki ya mutu. Haka abin yake a watannin farko, ba aikin ne ya lalace ba.

Batun kunya kuwa, ka je da ƙafarka wurin masu bin ka bashi ka zauna ka gaya musu abin da na gaya maka. Mutanen da suka haɗa kuɗin Tunis ba su da sha'awar haɗa na biyu.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda ni ya fi damuna. A wasiƙarka ka ce kana shan Sintrom, amma ba ka ambaci awon jini ko sau ɗaya ba. Maganar ƙashi wata 3 ce ta ƙare. Maganar jini har ƙarshen rayuwa ce, kuma a nan ne ƴan kasuwa da direbobi ke faɗuwa, ba a ɗaukar buhu ba. Bawul na ƙarfe yana da ƙarko, yana iya kai ka tsufa ba a sake taɓa shi ba, amma jini yana son daskarewa a jikinsa. In gudan jini ya kama shi, ko dai ya hana shi buɗewa, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Sintrom ke hana haka. In ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa jini ya zuba, kuma ba ka da yadda za ka ji a jikinka wane gefe kake. Awon da ake kira INR ne kaɗai ke faɗa. Mutumin da ba ya shan magani lambarsa wajen 1 take. Mai bawul na ƙarfe a mitiral galibi ana so tasa ta tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ka duba takardar da aka sallame ka da ita, an rubuta taka a ciki, ka haddace ta. A irin lokacin da kake yanzu awon yana yawa, kusan kowane sati, har lambar ta zauna. Bayan nan aƙalla sau ɗaya a wata, ba fashi. Da lambar ake gaya maka ko rabin ƙwaya za ka sha ko kashi uku cikin huɗu, shi ya sa aka tsaga ƙwayar mai miligiram 4 gida huɗu. Ba kai za ka ƙara ko ka rage ba.

Ga yadda nema ke ɓata wannan tsari. Ranar awo ta faɗo ranar kasuwa, sai a ce sati mai zuwa, sati mai zuwa ya zama bayan kaka. An tafi ƙauye da niyyar dawowa da yamma, mota ta lalace aka kwana, magani yana gida a kan talabijin. Ko kuma ƙwayar ta ƙare, an zaga farmasi biyu babu, aka ce bari a jira kwana uku. Saboda haka ka zaɓi ranar awo wadda ba ta karo da kasuwanninka, ka ɗauke ta a matsayin ranar aiki. Kuɗin awo da na magani ka cire su daga uwar kuɗi tun farkon wata, a sahun kuɗin hayar sito. Kullum a sami ƙwayar kwana uku a aljihunka, a gida kuma kada ajiyar ta gaza ta wata ɗaya. Ka ɗaura shan maganin da salla guda, misali isha'i. In ka manta ka tuna cikin sa'o'i 8, ka sha. In ya wuce haka ka bar na ranar, ka rubuta a littafinka, kada ka haɗa biyu washegari.

Wani zai zo ya ce maka akwai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa bukatar awo, irin su Xarelto da Eliquis. Akwai su, suna da amfani ga wasu cututtukan, amma ba a ba mai bawul na ƙarfe. An gwada ɗan'uwansu Pradaxa a kan irinku, sakamakon ya fito a 2013: sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa saboda shanyewar jiki da zubar jini sun fi yawa a masu shan sa.

Sai masu tallar ƙwaya a faranti da ke zagaya kasuwa. Ka yini a zaune bayanka ya riƙe, yaro ya zo ya haɗa maka ja da fari da ruwan ɗorawa ya ce maganin gajiya ne. A cikin haɗin nan da wuya a rasa diklofenak ko ibuprofen ko asfirin, kuma kowannensu in ya haɗu da Sintrom yana iya fasa jini a ciki. Na ciwon jiki da aka yarda maka shi ne farasitamol, shi ma ba a yi ta sha kwana da kwanaki ba tare da an faɗa wa lokotoro ba. Flagyl da Bactrim da mutane ke saya don gudawa suna harba lambar INR sama. Maganin tarin fuka, rifampisin, shi kuma ƙasa yake jan ta. Duk wanda zai rubuta maka ordinans, tun kafin ya ɗauki biro ka ce masa: ina da bawul na ƙarfe, ina shan Sintrom. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe na basir da shawara, ka yi musu sallama, don ba mai iya gaya maka abin da za su yi wa lambarka. Ƙaho da tsaga wurin wanzami ma haka. Aski ba laifi, amma a yi da inji, ko da sabuwar reza a hankali.

Abinci ba na hana ka komai, kuma wanda ya ce maka ka daina cin ganye ya cuce ka. Gaskiyar ita ce ganyaye irin su zogale da rama da alayyafo da kabeji suna ɗauke da bitamin K, shi kuwa yana rage ƙarfin Sintrom. Abin da ake so shi ne daidaito. In ka saba cin kwaɗon zogale sau uku a sati, ci gaba da sau ukunka, za a daidaita maganin a kan haka. Matsalar mu a nan ita ce cinmu na bin yanayi: da damina ganye ko'ina, da rani a koma tuwo da busasshiyar kuɓewa, da azumi kuma kowane buɗa-baki da kwano cike da kwaɗo ko dambu. Duk lokacin da cin ya sauya haka, ka ƙara awo guda a tsakani. Azumin kansa ka tattauna shi da lokotoro wata guda kafin ya kama, musamman in har lokacin kana shan Lasilix, maganin rage ruwa a jiki, ga zafin da muka sani.

Abu na ƙarshe a kanka shi ne zazzaɓi. Mu nan duk zafin jiki sunansa zazzaɓin sauro, a sayi Coartem a sha. Kai kam ka fita daga wannan sahu. Ƙwayoyin cuta na iya shiga jini su zauna a kan bawul ɗin, alamarsu kuma zazzaɓi ne da ke tafiya yana dawowa, da zufar dare da rama. In jikinka ya yi zafi a yi gwajin sauro. In babu, ko an yi magani zafin bai sauka ba, a ɗebi jini a nemi ƙwayar cuta tun kafin a fara ba ka maganin kashe ta, don in ka riga ka sha, gwajin ba zai nuna ba. Babbar ƙofar shigarsu baki ne. Ka kula da haƙoranka, kuma in za a cire maka haƙori a asibiti za a yi, a ba ka amoksisilin kafin a fara, a kuma duba lambar jininka. Ban da zazzaɓi, in ka ga kashi baƙi ƙirin, ko jini a fitsari, ko haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ko hakin nan ya dawo da kumburin ƙafa, ko raunin ya fara ruwa, to ka bar cinikin a inda yake, ko da an kai ga sallamawa. Ka rubuta sunan bawul ɗinka da maganinka da lambar wayar uwargida a ɗan kati ka haɗa shi da katin ɗan ƙasa, don ranar da ba za ka iya magana da kanka ba.

Tambaya: Baba Majo, barka da aiki. Ni malama ce a wata lakwal mai zaman kanta, shekarata 27. An sa mini bawul irin na naman dabba sati 5 da suka wuce, lokotoro ya ce shi ya fi dacewa da mai son ƙara haihuwa. Darakta ya aiko cewa in ban dawo farkon wata ba zai ba wata ajina. Ina da yaro ɗan shekara ɗaya da rabi. In koma?

*Malama, unguwar Zariya*

Amsa: Ƴata, sannu da jiki. Mai aikin buro, wanda zama ne da rubutu, yakan koma tsakanin sati 6 da 8. Koyarwa a ajin firamare ta fi haka nauyi: tsayuwa tun safe, ɗaga hannu sama a allo, ɗaga murya a kan yara masu yawa, ga wanda zai rugo ya faɗo miki a ƙirji. Ni zan ce ki cika sati 8, sannan ki fara da safiya kawai na sati biyu ko uku, da kujera a gaban aji, ki sa babban ɗalibi ya riƙa share allo da ɗaukar littattafai.

Darakta ba a rigima da shi da baki, da takarda ake yi. Ki karɓo takardar hutun rashin lafiya daga lokotoro, mai kwanan wata da hatimi, ki kai masa, ki riƙe kwafi. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ce rashin lafiyar da likita ya tabbatar dakatar da kwantiragi take yi, ba kashe shi ba, har tsawon wata 6. Yana da damar sa wata ta riƙe ajin kafin ki dawo, wannan daidai ne, yara ba za su zauna ba malami ba. In ya wuce nan, ofishin sufeton aiki yana nan cikin gari, aikinsu ke nan. Amma ki fara da lalama, ki je da maigidanki ko wani babba, sau da yawa darakta tsoron iyayen yara ne ke sa shi zafi.

Ni ba lakwal ce ta fi ba ni tsoro a kanki ba, gida ne. Ana ba mace hutun aiki ta dawo gida ta kama aikin da ya fi na lakwal nauyi sau uku, kuma ba mai kiran sa aiki. Daka, ɗiban ruwa, matse wanki, sauke tukunya daga murhu, duk sun wuce kilo 5 ɗin da na gaya wa mai hatsi. Yaronki ya kai kilo 10 ko kusa. Ba za ki ɗaga shi ba, ba za ki goya shi ba sai kin cika wata 3, ga shi kuma ɗaurin zanen goyo a kan raunin yake zama. Ki zauna a tabarma ya hau cinyarki da kansa. A nemo ƙanwa ko wata daga dangi ta zauna da ku, kuma maigida ne ya kamata ya faɗi wannan a gaban danginsa, don kada a ce amarya ta sami dalilin lalaci.

Bawul irin naki, da ake yi da fatar zuciyar saniya ko makamancinta, sauƙinsa shi ne galibi maganin tsinka jini na watanni 3 na farko ne, sai a tsayar in bugun zuciya daidai yake. Wahalarsa ita ce yana tsufa. Ana ba shi shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matasa ya fi saurin lalacewa. Don haka eko sau ɗaya a shekara wajibi ne ko kina jin lafiya lau, ki sa shi cikin babban hutu don kada ya ci karo da aiki. Ciki kuma kada ya zo ba shiri, a tsara shi da likitan zuciya, ba kuma yanzu da kike kan magani ba. In ciwon da ya ɓata bawul ɗinki irin wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ne, tiyata ba ta kore shi ba, akwai allurar fenisilin ta kowane sati 3 zuwa 4, ko ƙwayarta, da ake ci gaba da ita shekaru don kare sauran bawul ɗin. Ki tambaya in ba a yi miki maganarta ba.

Tunda malama ce ke, bari in ba ki aiki. Yawancin masu irin ciwonku a ƙasashenmu, tushensa ciwon maƙogwaro ne na yarinta, tsakanin shekara 5 da 15, wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa. In ba a kashe ta ba, bayan sati 2 zuwa 3 garkuwar jikin yaron ta rikice ta afka wa gaɓoɓinsa da zuciyarsa, ɓarnar kuma sai bayan shekaru ta fito. Sama da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, akasarinsu a ƙasashe matalauta, alhali amoksisilin na kwana 10 ko allurar fenisilin guda ta isa ta tare shi. In kin ga ɗalibi da zazzaɓi yana kasa haɗiyar miyau, ko yana kukan gwiwa yau gobe idon sawu, ki aika wa uwarsa ta kai shi asibiti. Cire beli ba ya maganin wannan.

Tambaya: Baba, maigidana direban babbar mota ne, yana Maraɗi zuwa Agadas. Wata 3 ke nan da sa masa bawul na ƙarfe. Ƙarar da ke fita daga ƙirjinsa tana hana shi barci, ya zama mai saurin fushi, ba ya son fita. Mai motar yana ta kira. Akwai kuma wata tambayar da nake jin nauyin yi.

*Uwar gida, Sabon Gari*

Amsa: Ƙanwata, ƙarar nan lafiya ce, bawul ɗin ne ke rufewa, kuma yawancin mutane kunnensu na sabawa cikin watanni. Ya sauya gefen kwanciya, ko a bar fanka ko rediyo a kunne ƙasa-ƙasa. Abin da zai kai ku asibiti da gudu shi ne in ƙarar ta dushe ko ta sauya, musamman tare da haki.

Fushin da ƙin fita ba baƙon abu ba ne bayan aikin zuciya, kuma ba raunin imani ba ne. Mutumin da ya saba kwana a hanya an zaunar da shi, ana ciyar da shi. Ki sa abokansa na tasha su riƙa zuwa su ja shi tafiyar yamma. In ya wuce sati biyu ba ya cin abinci, ba ya barci, ko yana maganar gara mutuwa, ki faɗa wa lokotoro, akwai magani.

Babbar mota ba a komawa kanta da izinin mai mota. Mafi ƙarancin jira wata 3 ne, sannan likitan zuciya ya sake yin eko, ya duba bugun zuciyar, ya tabbatar ba jiri ba suma, lambar INR kuma ta zauna. In an sallame shi, ya roƙi gajeren zango tukuna, irin Damagaram ko Ƙonni, inda zai kwana ɗaya ya dawo. Hanyar arewa doguwa ce, ga zafi, ga nisa da wurin awo. Canjin taya da jan igiyar kaya na yaran mota ne daga yau. Ƙwayoyin hana barci da na ƙarin kuzari da ake sayarwa a tasha, ko kusa.

Tambayar da kika ji nauyi, na gane ta. A wata 3 ƙashi ya kama. In yana iya tafiya da sauri ko hawa bene hawa biyu ba tare da haki ko ciwon ƙirji ba, babu abin da ya hana shi iyalinsa, ƙarar ma za ta ƙaru a lokacin, kada ta tsorata ku. Maganin ƙarfin maza na bakin tasha da na masu lasifika ne kawai ba zai taɓa ba, sai abin da lokotoro ya rubuta masa.